Hannun Ƙarfe: Tarihin Mutum-mutumi Daga Bagadaza Zuwa Jidda

Duk alhajin da ya taɓa yada zango a Jidda yana jiran jirgin komawa gida, da wuya a ce bai ji sunan Ammariyya ba. Unguwa ce da ke daf da tsohon gari, a bayan inda ganuwar birnin take kafin a rushe ta a 1947, kuma a nan ne maƙabartar nan take wadda mutanen Hijaz suka daɗe suna dangantawa da Nana Hauwa'u. Ta waɗannan wurare alhazan ƙasashenmu suka yi ta shiga da fita shekaru aru-aru, waɗansunsu bayan sun daɗe a hanya, ta Borno da Wadai da Darfur, har suka tsallako Bahar Maliya daga Suwakin. Da yawansu guzuri ya ƙare musu tun kafin su iso, ba su da abin sayarwa sai ƙarfin jikinsu. Wani matafiyi mutumin Suwizalan mai suna Burckhardt, wanda ya sauka a Jidda a 1814, ya rubuta yadda ya tarar da mutanen Tukururu suna dakon hatsi daga jiragen ruwa zuwa ɗakunan ajiya, suna sharar gidaje, suna samo itacen wuta, don su tara abin da zai biya musu bukatar aikin hajji.

Abin da ya sa muka faro da 'yan dakon Jidda shi ne, tarihin da za mu bi yau tarihin dako ne. Tun fil azal ɗan Adam yake neman wanda zai ɗauke masa kaya mai nauyi, ya shiga masa wuri mai haɗari, ya yi masa aikin da ke gundurar rai. Ya ɗora wa jaki da raƙumi, ya ɗora wa bawa, ya ɗora wa baƙo mai neman abin sawa a baka. Daga 1961 kuwa sai ya fara ɗora wa ƙarfe. Wannan ƙarfe shi muke kira mutum-mutumi, ko da yake sunan yakan ruɗi mutane, don kuwa yawancinsu ba su yi kama da mutum ko kaɗan ba. Wanda ke aiki a masana'anta hannu ne guda ɗaya, mai kafaɗa da gwiwa da wuyan hannu, an kafe shi a ƙasa da ƙusoshi. Wanda ke yawo a duniyar Mars kuwa ya fi kama da amalanke mai ƙafa shida. Abu uku ne ya haɗa su: jiki mai motsi, da ma'ajiyar umarni wadda ake iya sauya abin da ke cikinta, da kuma, a wajen na baya-bayan nan, hanyar gani ko jin abin da ke kewaye da su.

Masu Hikimar Bagadaza da Amida

Tunanin ƙera abin da zai yi motsi da kansa tsoho ne. Girkawa sun gwada shi a Iskandariyya, kuma waɗansu littattafansu na cikin waɗanda aka juya zuwa Larabci a Bagadaza zamanin Abbasiyawa. A wannan birni ne 'yan'uwa uku, Muhammadu da Ahmadu da Hasan, 'ya'yan Musa ɗan Shakir, suka rubuta littafin dabaru wajen shekarar 850, mai ɗauke da na'urori kusan 100. A ciki akwai fitilar da ke ƙara wa kanta mai, tana kuma turo lagwaninta in ya ci wuta. Akwai tulunan da ke toshe hanyar ruwa da kansu in sun cika. Akwai kuma wani irin babban awartaki mai muƙamuƙi biyu, wanda ake zurawa cikin kogi da igiya ya damƙo abin da ya nutse. A riƙe wannan na ƙarshe a zuci, don za mu sake gamuwa da jikokinsa a ƙarƙashin teku da kuma can sama.

Bayansu da shekara 350 sai ga Isma'ilu al-Jazari, injiniyan fadar sarakunan Artuƙ a birnin Amida, watau Diyarbakir ta ƙasar Turkiyya ta yanzu. A 1206 ya kammala littafinsa mai bayanin na'urori 50, wadda ta fi shahara a cikinsu kuwa ita ce agogon giwa. A cikin giwar akwai randar ruwa, a bisa ruwan kuma da wata tasa mai huda a gindi, wadda ke nutsewa sannu a hankali cikin rabin sa'a. Da ta nutse sai ta ja zare, zaren ya saki ƙwallon ƙarfe daga sama, ƙwallon ya faɗa bakin maciji, nauyinsa ya sunkuyar da macijin ya ɗago tasar, sa'an nan mahayin giwar ya kai bugu a ji ƙara, a san rabin sa'a ya cika. Har ila yau ya ƙera na'urar wanke hannu, wadda ɗan ƙaramin hadimi na ƙarfe ke fitowa daga cikinta ya miƙa wa sarki tawul.

Babban abin da al-Jazari ya bari shi ne yadda ya rubuta aikinsa. Ya ba da awon kowane ƙarfe, ya zana hotonsa, ya faɗi wanda za a fara haɗawa da wanda zai biyo baya, don wani maƙerin ya iya maimaitawa. Shi ya sa da wani injiniya Ba'ingile, Donald Hill, ya fassara littafin a 1974, aka iya sake ƙera ɗaya daga cikin agogunan aka nuna a Landan a 1976. To amma me ya hana wannan hikima fita daga fada ta shiga kasuwa? Dalilai suna da yawa, amma ɗaya a bayyane yake. Inda hannun mutum ke da araha, babu mai kashe zinariya ya ƙera na tagulla.

Aikin Tilas da Hannun Farko

A farkon ƙarni na 19, a birnin Liyon na Faransa, wani mai suna Jacquard ya fito da masaƙar da ke karanta adon zane daga kati mai huji-huji. A sauya katin, adon ya sauya, ba tare da an taɓa injin ba. Wannan ita ce ma'ajiyar umarnin da muka ambata. A zamanin ne kuma, daga 1811, masaƙan Ingila suka shiga farfasa injunan da suke gani suna karya musu farashin aiki, gwamnati ta tura musu soja, aka rataye waɗansu. Ke nan tun daga farko ba a raba injin da rigimar abinci ba.

Sunan da Turawa ke kiran mutum-mutumi da shi ma daga nan ya samo asali. Wani marubuci mutumin ƙasar Cek, Karel Capek, shi ya yaɗa kalmar a cikin wasan kwaikwayon da aka nuna a birnin Farag a 1921. An ciro ta ne daga "robota", watau aikin tilas da talaka ke yi wa mai ƙasa ba lada. Kwatankwacinsa a wurinmu shi ne ɗiban gwamna, lokacin da aka riƙa kwasar talakawa zuwa haƙar kuza a Jos a Yaƙin Duniya na Biyu.

Bayan yaƙin, hanya ta rabu biyu. Ta farko ta fito ne daga ɗakunan binciken nukiliya na Amurka, inda akwai abubuwan da in mutum ya taɓa su zai halaka. A 1949 Raymond Goertz ya nuna wani hannun ƙarfe da ke bayan bango mai kauri, mutum na wannan gefe yana motsa nasa hannu, na ƙarfen yana kwaikwayonsa. Wannan shi ne kakan duk hannuwan da ake sarrafawa daga nesa. Hanya ta biyu kuwa ta George Devol ce, wanda a 1954 ya nemi rajistar wani hannu da ake koya wa aiki sau ɗaya ya yi ta maimaitawa. Ya haɗa kai da Joseph Engelberger suka kafa kamfani, a 1961 kuma aka kafa hannunsu na farko, mai suna Unimate, a wata masana'antar General Motors kusa da Trenton, a jihar New Jersey. Ya fi tan ɗaya nauyi, matsin mai ne ke motsa shi. Aikinsa shi ne ciro sassan mota daga mazubi, ƙarfe na tururin zafi, ya jera su. Aiki ne na ƙuna da hayaƙi, wanda ya sha raunata ma'aikata. Yadda ake koya masa kuwa, a kai shi wuri na farko a adana, a kai shi na biyu a adana, har a gama, sa'an nan a sake shi ya yi ta bi dare da rana. Abin lura, shekara guda bayan wannan, a Nuwamban 1962, aka ba da sanarwar haramta bauta a ƙasar Saudiyya.

Amurkawa suka ƙirƙiro, amma Japanawa suka fi kowa cin moriya. Kamfanin Kawasaki ya sayi izini a 1968, ya fito da nasa a 1969, a daidai lokacin da masana'antun Japan ke kukan ƙarancin ma'aikata. Manyan kamfanoninsu kuma suna da al'adar riƙe ma'aikaci har ya yi ritaya, saboda haka wanda injin ya karɓe wa aiki akan mayar da shi wani sashe, bai ɗauki injin abokin gaba ba. A Amurka abin ya sha bamban. A masana'antar Lordstown ta jihar Ohayo an zuba hannuwan walda, aka ƙara saurin layi har ana fitar da mota kusan 100 a sa'a guda, ya zama mutanen da suka rage dole su yi tsere da ƙarfe. A watan Maris na 1972 suka tafi yajin aiki na mako uku. A Janairun 1979 kuma, a wata masana'antar Ford a jihar Mishigan, hannun ƙarfe ya buge wani ma'aikaci ya mutu nan take, shi ne mutum na farko da aka san mutum-mutumi ya kashe. Irin wannan haɗari ne ya sa ake kewaye su da shinge, ana sa musu na'urar tsayawa in mutum ya gitta.

Turai ma ba a bar ta a baya ba. KUKA ta Jamus ta fito da hannu mai gaɓa shida a 1973, ASEA ta Suwidin kuma ta fito a 1974 da mai aiki da lantarki zalla, wanda ƙaramar kwamfuta ke tuƙawa. Ƙungiyar masu ƙera mutum-mutumi ta duniya ta ƙididdige cewa a ƙarshen 2023 akwai sama da miliyan 4 suna aiki a masana'antu, an kafa sababbi fiye da 500,000 a wannan shekara kaɗai, rabinsu a ƙasar Sin. A Koriya ta Kudu kuwa, a wannan shekara, kowane ma'aikacin masana'anta 10 akwai mutum-mutumi ɗaya a gefensu.

Kano a Kan Hanyar Sama

In masana'anta wuri ne mai haɗari, to sararin samaniya ya fi. Babu iska, gefen rana ƙuna, gefen inuwa sanyi mai daskarar da komai. Shi ya sa a kowane mataki injin ake fara turawa, in ya tsira sa'an nan mutum ya bi sawu. Kuma a nan ƙasar Hausa tana da nata gurbi a tarihi, ko da yake ba kowa ya sani ba. Da Amurka ta shirya tura mutum ya kewaya duniya, sai ta kafa tasoshin sauraro 18 a sassan duniya don kada kumbon ya ɓace mata. Biyu suna Afirka ta kudu da Sahara: ɗaya a Zanzibar, ɗaya a Kano. Ran 13 ga Satumba, 1961, aka harba kumbon Mercury ya kewaya duniya sau ɗaya don a jarraba waɗannan tasoshi. A kujerar matuƙi an ɗaure wata na'ura ce mai shaƙar iska, tana fitar da numfashi da gumi da ɗumi kamar mutum, don a ga ko mai rai zai iya rayuwa a ciki. Da ita da wani biri mai suna Enos suka dawo lafiya, sai aka tura John Glenn ran 20 ga Fabrairu, 1962. Da ya iso saman Afirka ta Yamma ya shaida wa tashar Kano cewa yana hango ƙura ta turnuƙe ƙasa, su kuma suka tabbatar masa iska ta yi mako guda tana kaɗawa. Mu da muka san hunturun Kano, ba sai an yi mana bayani ba. A wannan tafiya ne kuma na'urar da ke daidaita kumbon ta samu tangarɗa, dole Glenn ya karɓi tuƙi da hannunsa. Tun ran nan ake gardamar wane ne ya fi cancanta a tura, mutum ko inji.

Tarayyar Sobiyet ta ba da tata amsa a 1970. A watan Satumba kumbonta Luna 16 ya sauka a duniyar wata ba kowa a ciki, ya haƙo ƙasa giram 101, ya dawo da ita. Ran 17 ga Nuwamba kuma ta sauke Lunokhod, wata mota mai ƙafa takwas, mai kama da katuwar tukunya da murfi. Da rana takan buɗe murfin ta sha hasken rana, da dare ta rufe ta ji ɗumin wani makamashi da ke cikinta. Mutum biyar ne ke tuƙa ta daga yankin Kirimiya, suna kallon hoton da ke zuwa musu tsinke-tsinke, a makare. Ta yi wata 10 tana aiki, ta yi tafiyar kilomita 10 da rabi. Amurkawa kuwa mutane suka tura, a sauka shida tsakanin 1969 da 1972 suka kwaso duwatsu kilo 382. Mutum ya fi saurin aiki da iya zaɓe, inji ya fi araha da juriya, kuma in ya mutu babu zaman makoki.

Duniyar Mars ce ta tilasta wa injin ya fara yanke shawara da kansa. Saƙon rediyo daga nan zuwa can yakan ɗauki minti 3 zuwa 22, gwargwadon nisan da ke tsakani a lokacin. In mota ta nufi rami, kafin direba a duniya ya gani ya taka birki, aikin gama ya gama. Saboda haka sai aka riƙa ba ta umarnin yini guda, a ce je ki wancan dutse, ita kuma ta auna hanya da idanunta biyu, ta kauce wa abin da zai kayar da ita. Sojourner, wadda ta sauka a Yulin 1997, ba ta wuce kilo 11 ba. Opportunity ta sauka a Janairun 2004 da niyyar aikin kwana 90, sai ga shi ta kai Yunin 2018, ta yi tafiyar kilomita 45, kafin guguwar ƙura ta rufe mata hasken rana. Perseverance ta sauka a Fabrairun 2021 ɗauke da wani ɗan jirgi mai saukar ungulu, wanda aka shirya zai tashi sau 5, ya tashi sau 72. Ƙasar Sin kuma a Yunin 2024 ta dawo da ƙasa kusan kilo 2 daga bayan wata, gefen da ba ya taɓa fuskantar duniya.

Jidda da Maƙwabtanta

Yanzu mu komo gaɓar Bahar Maliya. Ran 17 ga Yuni, 1985, a ƙarshen watan azumi, Yarima Sultan ɗan Salman ya tashi a kumbon Discovery, ya zama Balarabe kuma Musulmi na farko da ya je sararin samaniya. A tafiyar aka saki tauraron sadarwa na ƙasashen Larabawa, Arabsat. A nan ne kuma aka yi amfani da hannun nan mai tsawon mita 15 da ƙasar Kanada ta ƙera, wanda ya fara aiki a 1981: ya ɗaga wata na'urar binciken taurari ya sake ta a sarari, bayan kwana biyu ya sake damƙo ta ya mayar cikin kumbo. Awartakin 'ya'yan Musa ke nan, ya bar kogin Dijla ya hau sama.

Ya kuma koma cikin ruwa. A Suwal, kilomita kusan 80 arewa da Jidda, akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sarki Abdullahi, wadda aka buɗe a 2009. Masu binciken murjanin Bahar Maliya a can suna bukatar abin da zai nutsa inda ɗan Adam ba ya iya kaiwa, ya kuma taɓa murjani ba tare da ya karya shi ba. Da haɗin gwiwarsu Farfesa Usama Khatib na Jami'ar Stanford, haifaffen Siriya, ya ƙera OceanOne, mai kai da hannu biyu. Wanda ke tuƙa shi daga cikin jirgi yana jin nauyi da taurin abin da ya riƙe a tafin hannunsa. A 2016 aka jarraba shi a gaɓar Faransa, ya nutsa mita 100 zuwa wani jirgin Sarki Luwi na 14 da ya nutse a 1664, ya ɗauko tulu lafiya lau.

Akwai kuma labarin da ya fi waɗannan taɓa zuciya. Shekaru da dama, a wasan tseren raƙuma na ƙasashen Tekun Fasha, yara ƙanana ake ɗorawa, saboda rashin nauyinsu. Ana kawo su daga Pakistan da Bangaladash da Sudan da Muritaniya, ana hana su ƙoshi don kada su yi ƙiba, suna faɗowa suna karyewa. A 2005 Katar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka tsananta dokar hana wannan, aka mayar da yara fiye da 1,000 ƙasashensu, aka maye gurbinsu da mutum-mutumi. Na farko da wani kamfanin Suwizalan ya ƙera yana da nauyi da tsada. Sai masu sana'ar hannu na yankin suka ɗauki injin huda katako mai batir, suka ɗaura masa bulala da rediyon oba-oba, suka sami mahayi mai 'yan kilo kaɗan, mai raƙumi na biye a mota yana yi wa dabbarsa kirari ta rediyo. A Masallacin Harami ma, a 2021, lokacin annobar korona, an ga mutum-mutumi yana zagayawa yana raba gorunan zamzam, wani yana feshin magani.

Ta fuskar masana'anta, a Satumban 2023 kamfanin Lucid ya buɗe wurin haɗa motocin lantarki a Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdullahi, kilomita kusan 100 arewa da Jidda. A matakin farko sassan daga jihar Arizona ake kawo su, a ƙarasa haɗawa a nan, mota 5,000 a shekara. A wannan shekara ce kuma, ran 21 ga Mayu, Rayyana Barnawi, haifaffiyar Jidda, mai binciken cutar daji, ta tashi tare da Ali al-Ƙarni zuwa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, ta zama mace ta farko daga Saudiyya da ta je sama. Kumbon da ya ɗauke su da kansa ya lallaɓa ya manne da tashar, gindin rokar da ta harba su kuma ya juyo da kansa ya sauka a tsaye a Fulorida. Sunan Barnawi kuwa ba baƙo ba ne a kunnenmu. A Hijaz laƙabi ne na gidajen da ke danganta asalinsu da Borno, kamar yadda Hausawi da Fallata ke nuna Hausa da Fulani.

Ina Muka Dosa?

To jama'a, me wannan tarihi ke gaya mana? Da farko, ya kamata a yi wa ƙarfe adalci. Aikin da ya fara karɓa shi ne wanda tun asali bai kamata a ba ɗan Adam ba: bakin mazubi, ɗakin guba, bayan raƙumin tsere. Duk wanda ya ga yaron da aka ceto daga wannan ba zai yi wa injin kallon maƙiyi ba.

Na biyu kuwa gargaɗi ne. Koriya da Taiwan da Sin sun hau tsanin arziki ne ta hanyar sayar wa duniya aikin hannu mai araha, suka fara da ɗinki da haɗa rediyo, suka koyi sana'ar, suka wuce. Ƙasashenmu da ke cike da matasa sun daɗe suna jiran nasu layi ya zo. Amma kullum farashin hannun ƙarfe sauka yake yi, shi kuwa ba ya barci, ba ya yajin aiki, ba ya neman takardar zama. Ranar da ya fi lebura araha, mai masana'anta ba shi da dalilin tsallaka teku neman ma'aikata, ƙasar da ke ɗaukar baƙin lebura ma za ta rage ɗauka. Matashin da ke sayar da gonar gado don ya je Jidda neman aikin ƙarfi ya kamata ya san wannan.

Na uku, haɗa kaya daban, mallakar ilminsu daban. Kamfanin Peugeot ya fara haɗa mota a Kaduna a 1975, amma yawancin sassan daga Faransa suke zuwa, saboda haka da darajar naira ta faɗi daga 1986, aikin ya yi ta ja da baya. Zanen aro ba ya rufe katara. Jarrabawar da ke gaban masana'antar arewa da Jidda ke nan ita ma: ko za ta wuce ɗaura ƙusa ta kai ga ƙira. Akwai misalin da ya fi kyau a gida. Tauraron Nijeriya na farko, wanda aka harba a 2003, a Ingila aka ƙera shi, amma an tura injiniyoyi suka zauna suka koya, har a 2011 aka harba NigeriaSat-X, wanda su suka haɗa da hannunsu.

Basira kam ba a rasa ta ba. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, shi ya zana siffar motar Chevrolet Volt a General Motors, kamfanin da ya fara ɗaukar Unimate aiki. Sheikh Modibo Diarra na Mali yana cikin waɗanda suka yi aikin tafiyar da ta kai Sojourner duniyar Mars. Ashitey Trebi-Ollennu na Gana shi ya jagoranci aikin hannun da ya ɗauki ma'aunin girgizar ƙasa ya ajiye a doron Mars a Disamban 2018, ya kuma kafa gidauniyar koya wa yaran makarantun Gana wannan fanni. Sai dai dukansu a ƙasar wani suka sami wurin nuna gwanintarsu. Wanda ya shiga Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, zai ga masu hannu irin na waɗanda suka mayar da injin huda katako mahayin raƙumi. Abin da suka rasa shi ne wutar lantarki mai tsayawa, da makarantar sana'a mai kayan aiki, da lissafin da ake tuƙa injin da shi, da kuma ɗabi'ar nan ta al-Jazari, watau rubuta awo da zane don kada sana'a ta bi mai ita kabari. Waɗannan kuwa ba sa zuwa a jirgin ruwa, sai hukuma da attajirai da iyaye sun zuba kuɗi da shekaru a kansu.